Inabi kala-kala a kwalba ɗaya: haɗi ne ko algus?

"Ina wuni yallaɓai. Ni ma'aikaci ne a wani otal a Abuja, ɓangaren abinci, wata na bakwai kenan. Baƙi sukan ce in kawo musu jar giyar inabi mai kyau, in na duba jerin da muke da shi sai in ga wasu an rubuta sunan inabi ɗaya kamar Merlot, wasu kuma sunan gari ne kawai, irin Côtes du Rhône ko Châteauneuf-du-Pape. Manajanmu ya ce waɗannan haɗi ne na inabi iri-iri. To ni a sanina abin da aka gauraya ai bai kai tsantsa ba, amma sai ga shi Châteauneuf ɗin ta fi kowacce tsada a wajenmu. Yaya abin yake ne? Kuma ta yaya zan gane mai kyau don kar in ji kunya a gaban baƙo?"

Lafiya lau ƙanena, sannu da aiki. In na fahimce ka abu biyu kake so ka sani, na farko me ya sa abin da aka haɗa zai fi tsantsa daraja, na biyu kuma yadda za ka bambance ta ƙwarai da wadda ba ta kai ba. Na san da yawa cikin masu karatu ba sa shan giya, addini ya hana, kuma ni ba kiran kowa nake ya sha ba. Kai tambayar aiki ka yi, a nan kake cin abinci, don haka zan amsa maka tsakani da Allah. Ni aikin gona na karanta, ƙarin karatu ne ya kai ni kudancin Faransa, a can na yi kaka uku a gonakin inabi tsakanin garin Orange da Avignon, ɗaya ina tsinka da almakashi a gona, biyu kuma a ɗakin da ake tsimawa. Sunayen zan bar maka su yadda suke a jikin kwalba don ka gane su in ka gani.

Tunaninka ba laifi ba ne, don mu mun taso ne muna ganin ana zuba wa nono ruwa, ana haɗa man gyaɗa da wani mai mai araha, shi ya sa da an ce gauraye sai hankalinmu ya tafi kan cuta. Amma algus ana yinsa ne a ɓoye don a rage kashe kuɗi. Wannan kuwa a fili ake yinsa, doka ma ta rubuta irin inabin da aka yarda a haɗa. Ka dubi yajin mai tsire, akwai ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kanumfari, masoro, ba wanda zai ce masa ya yi algus don bai barbaɗa barkono zalla ba, a wajen haɗin ma ake gane gwani. Shi kuwa sunan gari da kake gani, al'adar Faransawa ce, sun fi ba wa wurin da aka noma muhimmanci a kan sunan irin, in ka san garin to ka san abin da ke ciki.

Zafi ne tushen maganar

Kudancin kwarin kogin Rhône, inda garin Châteauneuf yake, kusa yake da Bahar Rum, kuma yanayinsu akasin namu ne. Mu damina ce ke zuwa ta kashe mana zafi, su kuwa lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, kusan babu ruwan sama, rana ce zalla, ruwan sai bayan kaka da kuma ƙarshen sanyi. Ga wata iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga arewa ta bi kwarin, suna ce mata mistral, busasshiya ce kamar iskar hunturunmu sai dai babu ƙura, tana busar da ganye bayan ruwa ta hana cututtukan ruɓa, amma tana karya reshe in bai yi ƙwari ba. A wasu gonakin Châteauneuf kuma ba ka ma ganin ƙasa, duwatsu ne mulmulallu wasu kamar dunƙulen hannu wasu sun kai kan yaro, kogi ne ya gangaro da su tun zamanin da. Da rana sukan ɗau zafi har ka ji shi ta cikin takalmi, a ƙarƙashinsu kuma akwai jan laka mai riƙe danshi, saiwar na nutsawa can ta sha.

Abin da zafi ke yi wa inabi shi ne ya cika shi da suga, ya kuma rage masa tsami. Shi sugan nan yis ne ke cinye shi ya mayar da shi abin sa maye, kusan giram 17 na suga a lita ɗaya shi ke ba da kashi 1 cikin ɗari. Shi ya sa in ka duba kwalaben wannan yankin za ka ga 14, 14.5, har 15 da ɗoriya. To giya mai ƙarfi haka in babu tsami babu bauri da za su riƙe ta, sai ta yi lami, ta yi nauyi a baki tana ƙona maƙogwaro. Matsalar da manoman wurin ke fama da ita kenan tun kaka da kakanni, kuma haɗin shi ne maganin da suka samo.

Ukun da ke ɗauke da aikin

Babban cikinsu Grenache ne, asalinsa daga Sifaniya yake, can suna ce masa Garnacha. Wannan shi ne jarumin fari, itacensa gajere ne mai ƙwari, ba ya buƙatar waya ko sanda, a tsaye yake kamar ɗan kurmi iska ta yi ta dukansa ko gezau. Yana ba da zaƙin ƙamshi irin na jajayen 'ya'yan itace da suka nuna sosai, da laushi a baki, da ƙarfi. Amma ɓawonsa siriri ne, kuma launi da bauri galibi daga ɓawo suke fitowa, don haka ruwansa bai cika yin duhu ba, sannan giyarsa ba ta jure iska ta shige ta, in aka yi sakaci sai ya tsufa da wuri ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. A Châteauneuf shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da aka shuka.

Sai Syrah, shi ɗan arewacin Rhône ne inda aka fi sanyi. Yana kawo launi baƙi wuluk, da wani ƙamshi da in ka shaƙa za ka rantse masoro aka daka a ciki. Ya riga Grenache nuna, reshensa kuma mai taushi ne sai an ɗaure shi a waya, kuma gaskiya ba ya son zafi ya yi yawa, shi ya sa masu hankali ke shuka shi a gefen da rana ba ta cika duka ba. Na ukun Mourvèdre, wanda Sifaniyawa ke kira Monastrell. Wannan mai taurin kai ne, shi ne ƙarshen nuna, wani lokaci sai Oktoba, ɓawonsa kauri, baurinsa kamar ka tauna ɗanyen goro, ƙamshinsa yana kama da fata da nama da ganyen daji. Shi kaɗai yana da wuyar sha in yana sabo, amma giyarsa tana jure shigar iska, to in aka haɗa shi da Grenache sai ya kare shi daga saurin tsufa, kwalbar ta iya yin shekara goma sha biyar ko ashirin tana ƙara kyau. Manoma a can suna cewa shi yana son kansa a rana ƙafarsa a ruwa.

Akwai ƙanana da ake ɗan ɗiga su, kamar Cinsault da Counoise, masu sauƙin ƙarfi da ɗan tsami-tsami. Da ba a cika kula su ba, yanzu da zafi ke ƙaruwa an dawo ana nemansu.

Akwai kuma dalili na biyu wanda duk ɗan manomi zai gane shi nan take. Me ya sa iyayenmu ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya? Don in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Grenache yana da wata lalura, in sanyi ko ruwa ya same shi lokacin fure sai furen ya zube bai ƙulla 'ya'ya ba, haka ta faru sosai a 2013 da 2017, waɗanda ke da Syrah da Mourvèdre da yawa su suka ɗan sami sauƙi. A Satumbar 2002 kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka ana tsakiyar kaka har da ambaliya, wanda ya riga ya tsinke mai saurin nuna shi ya tsira da wani abu. A 28 ga Yunin 2019 zafi ya kai digiri 46 a wani ƙauye kusa da Montpellier, ganye da 'ya'ya suka ƙone a jikin itace kamar an bi su da wuta. Wanda ya dogara da iri ɗaya a irin wannan wuri yana wasa da abincin iyalinsa.

Yadda na ga ana yi

Yawanci kowane iri, wani lokaci ma kowace gona, daban ake tsima ta. Grenache sun fi sa shi a tankin siminti ko manyan gangunan katako tsofaffi waɗanda mutum zai iya shiga ciki ya tsaya, saboda kar iska ta yi masa yawa, Syrah da Mourvèdre kuwa ana iya sa su a ƙananan ganguna masu cin lita 225. Sai cikin sanyi, bayan an gama komai gona ta yi tsit, a zauna zaman haɗi. Ba zan manta wannan zaman ba. Tebur ne dogo an shimfiɗa farar takarda, ga ƙananan kwalabe sun kai ashirin kowacce da lambar tankinta an rubuta da alli, ga gilashin awo mai zane-zane irin na ɗakin gwaji, ga bokiti na tofarwa don ba a haɗiyewa, in ka haɗiye kafin ka kai ta biyar harshenka ya daina gaya maka gaskiya. Mai gonar dattijo ne, hannunsa duk ya faffashe saboda aiki, shi da 'yarsa wadda ta yi karatun abin. Za su auna kashi 70 na wannan, 15 na wancan, 15 na wancan, su kaɗa, su shaƙa, su kurɓa su tofar, su yi shiru. Sai 'yar ta rage Syrah ta ƙara Counoise kashi biyar kacal, aka miƙo min kofi biyu ba a gaya min wanne ne wanne ba. Wallahi na ji bambancin, na farko yana tsayawa a baki da nauyi, na biyun kuwa sai ka ji ya buɗe, yawu ya tsinke maka. Kwana uku suka yi a kan wannan tebur kafin su yanke shawara, kuma akwai tanki biyu da dattijon ya ce ba za su shiga ba sam, aka sayar wa 'yan sari da araha. Tun daga ranar na daina kallon haɗi a matsayin rufa-rufa.

Me ya sa Châteauneuf ta yi tsada

Sunan yana nufin sabon gidan sarautar Paparoma. Daga 1309 Paparomomi sun bar Rum sun zauna a Avignon kusan shekara saba'in, kuma Paparoma John na 22 ya gina gidan hutu a wannan ƙauyen, kangonsa na nan har yau a kan tudu. Shi ya sa a jikin kwalabe da yawa za ka shafa ka ji tambarin hular Paparoma da makullai biyu a gicciye. Amma tarihi kaɗai ba ya sa tsada. A farkon ƙarni na 20 algus na gaske ya yi yawa, ana kawo giya daga wani wuri a liƙa mata sunan garin, sai manoman suka haɗa kai ƙarƙashin Baron Le Roy a 1923 suka rubuta wa kansu dokoki, kuma a 1936 garin ya shiga sahun farko na wuraren da gwamnatin Faransa ta ba kariyar suna, abin da kake gani an rubuta AOC ko AOP. Dokar ta yarda da iri 13 na inabi, dole a tsinka da hannu ba da inji ba, dole a tsince marasa kyau a ware, kuma hekta ɗaya ba za ta wuce lita 3,500 ba, wato kwalba 4,600 da 'yan kai. Côtes du Rhône ta gama-gari an yarda mata ta haura lita 5,000. Duk faɗin wurin kuma hekta 3,200 ne ko kusa da haka, duniya gaba ɗaya na nema. Ga tsofaffin itatuwa masu shekara sittin, tamanin, har ɗari, waɗanda curi kaɗan suke bayarwa amma ruwansu kauri gare shi. Kuɗin da baƙonka ke biya na wannan ne, ƙarancin amfani da wahalar hannu, ni na sunkuya a kan gajerun itatuwan nan tun asuba ina taka duwatsu, na san abin da bayan mutum ke ji kafin azahar.

Kar kuma ka ɗauka yawan iri shi ne kyau. Château de Beaucastel suna amfani da duka 13 ɗin, Château Rayas kuwa Grenache ne kusan zalla daga ƙasa mai yashi, kuma dukansu biyu suna cikin waɗanda aka fi girmamawa a garin. Kowa da abin da gonarsa ta ba shi.

In za ka ba baƙo shawara, ka riƙe matakan a kanka. Ƙasa akwai Côtes du Rhône, sama da ita Côtes du Rhône Villages, sai wadda aka ƙara wa sunan ƙauye, sannan can sama garuruwan da ke cin gashin kansu da sunansu kaɗai, irin su Gigondas, Vacqueyras, Lirac, Rasteau, Cairanne da ita Châteauneuf ɗin. A ra'ayina wanda ke son ɗanɗanon ba tare da biyan kuɗin suna ba, Gigondas ko Cairanne ko Lirac sun ishe shi, Gigondas ma da yake gonakinta sun hau gefen tsaunukan Dentelles de Montmirail takan fi ɗan sanyin baki. Kuma Côtes du Rhône daga gida mai mutunci kamar Guigal ko Perrin ta fi min Châteauneuf mai araha da ba a san wanda ya yi ta ba. Irin wannan haɗin za ka same shi a wasu yankunan kudancin Faransa kamar Languedoc, da Bandol inda Mourvèdre ne ke da rinjaye, da Priorat a Sifaniya, su kuma mutanen Ostireliya sukan rubuta GSM kawai, harufan farko na ukun nan.

Abin da ya fi damuna game da kwalaben da ke iso mana

A jikin takarda ka duba sunan wuri, shekara, da sunan wanda ya yi. In ka ga "mis en bouteille au domaine" ko "au château" to a gonar aka ɗura. Shekarun 2010, 2016 da 2019 sun yi kyau a yankin. Ka duba lambar NAFDAC da sunan wanda ya shigo da ita, kuma in farashin ya yi araha fiye da hankali ka ja baya, tambarin makullai a jikin gilashi ba shaida ba ne.

Amma maganar gaskiya, yawancin kwalaben da na samu da matsala a gida ba jabu ba ne, zafi ne ya dafa su. Giya tana son wajen digiri 12 zuwa 15, to ka yi tunanin kwantena ta yi makonni a tashar jirgin ruwa rana na dukanta, sannan tirela ta ɗauko ta zuwa Abuja, sannan a jibge ta a sito da ba ya samun sanyi in an ɗauke wuta. Na taɓa shiga wani shago na ga kwalabe masu tsadar gaske an jera su a tsaye jikin taga rana na haska su don ado, raina ya ɓaci sosai don na san wahalar da aka sha kafin su zo nan. Alamomin ba su da wuya: toshiyar ta ɗan turo sama ta kumbura murfin, ko ka ga sawun ruwa ya ɗiga ya bushe a wuyan kwalba yana danƙo, ko ruwan ya sauka ƙasa da inda ya kamata. In ka zuba, launin ya koma kamar shayi a gefen kofi alhali shekarunta ba su da yawa, ƙamshin kuma kamar dafaffen dabino. Akwai wata matsalar daban, in ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe, wannan daga toshiyar ne. Duka biyun ka mayar ka sauya wa baƙo ba tare da gardama ba.

Wajen kai wa tebur kuma, maganar nan da ake cewa jar giya ba a sa ta a firiji, a ƙasar sanyi aka faɗe ta. Ana son ta wajen digiri 16 zuwa 18, mu kuwa ɗakinmu na iya kai 30, kuma a wannan zafin mai kashi 15 ƙarfinta ne kawai zai bugi hancin mutum. Ka sa ta a firiji kamar rabin awa ko fiye kaɗan, kwalbar ta yi sanyi a tafin hannu amma ba raɓa ba. In sabuwa ce mai bauri ka juye ta a tulun gilashi ta sha iska kafin abinci ya fito. Tana tafiya da gasasshen nama, rago, balangu, tsire in yajin bai yi yawa ba, amma farfesu mai barkono sosai ba ya jituwa da ita, zafin barkono da ƙarfin giyar haɗuwa suke su ƙone baki. Ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ka ajiye ruwa a gefe, kuma in ka lura baƙo shi zai tuƙa kansa ka gaya masa cikin ladabi cewa wannan tana da ƙarfi, don laushinta yana yaudara.

Ni abin da na gani da idona na wannan yanki ɗaya ne, ta ɓangaren gona da ɗakin tsimi, kuma daga nan ba zan iya yanke hukunci a kan kwalbar da ke sitonku ba sai an duba ta, bakin kowane baƙo kuma daban yake, wani mai nauyi yake so wani mai sauƙi, tambayarsa za ka yi kafin ka zaɓa masa. In ya ce me ke ciki, ka ce yallaɓai yawancinta Grenache ne, an ƙara Syrah don launi da ƙamshin masoro, da Mourvèdre don ta yi ƙwari, wannan ya isa. Gobe in ka shiga aiki ka roƙi manaja ya bar ka ka leƙa inda ake ajiye su, ka ɗaga kwalba biyar ko shida ka duba wuyansu da toshiyarsu, ka ga ko a kwance suke, ka kuma tsaya minti biyu a ɗakin ka ji ko kana gumi.